Daga Jan Daga zuwa Jadawali: Tarihin Littattafan Buɗin Wasan Shaɗaranji da Matsayin Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin wani nau'i na littafi wanda ba a saba tattauna shi a fagen nazarin harsunan Nijeriya ba, wato littafin da ke koya wa ƙwararren ɗan wasa yadda ake buɗe wasan shaɗaranji. Shaɗaranji shi ne wasan nan na fage mai gidaje 64 da 'ya'ya 32 wanda Turawan Ingila ke kira chess, kafofin yaɗa labarai na Hausa kuwa sukan kira shi wasan dara. Abin da ake nufi da buɗi shi ne turin farko-farko, kamar goma zuwa ashirin, waɗanda ɗan wasa ke shirya rundunarsa da su kafin a gwabza.

Dalilin ɗauko wannan batu shi ne halin da mai koyon wasan yake ciki a gari irin Karu, a Yankin Birnin Tarayya, inda Hausa take harshen kasuwa da na mu'amala tsakanin Gbagyi da Gwandara da Hausawa da sauran al'ummu. Matashin da ya wuce matakin koyon tafiyar 'ya'ya, yana son ya zurfafa, dole ya koma ga littafin buɗi, littafin kuwa da Turanci zai same shi. Maƙalar za ta nuna cewa da Larabci aka fara rubuta irin wannan ilimi, kuma wasan ya taɓa zama a ƙasar Borno da sunaye na gida, amma ya shuɗe saboda bai sami alƙalami ba. Daga nan za a duba darasin da ke cikin wannan tarihi ga masu aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi a Hausa.

2.0 Asalin Wasan da Sunansa

Masana tarihin wasan, musamman H. J. R. Murray a littafinsa A History of Chess na 1913, sun tafi a kan cewa a ƙasar Indiya ya samo asali wajen ƙarni na 6 Miladiyya, da sunan caturanga, wato runduna mai sassa huɗu: giwaye da dawaki da kekunan yaƙi da dakaru. Daga nan ya shiga Farisa ya zama catrang. Bayan da Musulmi suka ci daular Farisa a ƙarni na 7, Larabawa suka karɓe shi, suka daidaita sunan da tsarin furucinsu ya koma shaṭranj, tun da yake babu sautin /c/ da /g/ a daidaitaccen Larabci.

Idan aka bi ƙa'idar da Hausa ta saba bi wajen aro daga Larabci, harafin ɗa mai hannu yakan koma /ɗ/, kamar yadda ake gani a ɗalibi da ɗahara da sharaɗi da shaiɗan, sannan a raba cunkoson baƙaƙe da wasali, a kuma rufe kalma da wasali. Ta haka ake samun shaɗaranji, kuma wannan siga ce aka yi amfani da ita a nan domin a bambanta wasan da darar gargajiya.

3.0 Zamanin Bagadaza: Ta'abiyya

Littattafan farko da suka yi bayanin buɗin wasa a fadar Abbasiyawa aka rubuta su. Al-Adli ya wallafa Kitab al-Shaṭranj wajen shekarar 840. Shi ne gwanin zamaninsa har lokacin da al-Razi ya rinjaye shi a gaban Halifa al-Mutawakkil, wanda ya yi mulki daga 847 zuwa 861. Bayansu aka yi Abubakar al-Suli, marubucin tarihi kuma masanin adabi, wanda ya yi fice a fadar Halifa al-Muktafi, ya rasu a Basra wajen 946, sai kuma almajirinsa al-Lajlaj. Ibn al-Nadim ya ambaci waɗannan mutane da littattafansu a cikin al-Fihrist, wanda ya tsara wajen 987. Littattafan al-Adli da al-Suli ba su iso wannan zamani a cikakkiyar sigarsu ba, sai dai ta hanyar abin da marubutan baya suka kwafo daga cikinsu.

Domin a fahimci yadda waɗannan littattafai suke, wajibi ne a san cewa tsohon wasan mai nawa ne ƙwarai. Firzan, wanda ke kusa da sarki, gida ɗaya tak yake takawa a karkace. Fil, wato giwa, gida biyu take tsallakawa a karkace, kuma gidaje takwas kaɗai take iya kaiwa a duk faɗin fagen. Baidaƙ, wato dakare, gida ɗaya yake matsawa ko da a turinsa na farko. Saboda haka rundunonin biyu sukan daɗe ba su haɗu ba, kowane ɗan wasa yana da sukunin jera mutanensa yadda yake so ba tare da ya damu sosai da abin da abokin karawarsa ke yi ba.

Wannan jeri shi Larabawa suka kira ta'abiyya, kalmar da asalinta ta fagen fama ce, ma'anarta kuwa ita ce abin da Bahaushe ke cewa jan daga. Kowace ta'abiyya tana da sunanta: akwai al-Mujannah, mai fukafukai, da al-Sayyal, ambaliya, da al-Saif, takobi, da al-Masha'ikhi, ta shehunnai, da Watad al-Anz, turken akuya. Alal misali, ana kammala al-Mujannah a turi 12: takwas na dakaru, biyu na dawaki, biyu na rukh, har jerin ya fito da fiffike a dama da hagu. Al-Lajlaj ya yi dogon nazari a kanta, yana bin yadda za ta kaya idan ta haɗu da sauran ta'abiyyoyi.

Abin lura a nan shi ne, littafin wannan zamani siffar jeri yake nuna wa mai karatu, sannan ya yi masa bayani da kalmomi a kan inda ƙarfin jerin yake da inda rauninsa yake. Tsarin da aka bi aka kai ga jerin bai zama abin damuwa ba. Har ila yau sunayen da aka raɗa duk daga rayuwar masu harshen aka ɗebo su, daga yaƙi da kiwo da ruwan sama.

4.0 Turai: Daga Jeri zuwa Jerin Turi

Wasan ya shiga Turai ta Andalus da tsibirin Sisili, kuma har zuwa littafin wasanni da Sarki Alfonso na 10 ya sa aka rubuta a 1283, ƙa'idojinsa ba su yi nisa da na Larabawa ba. Babban sauyi ya auku ne a ƙasar Sifen wajen 1475. Firzan, wanda Turawa suka riga suka mayar sarauniya, ya sami ikon tafiya ko'ina a miƙe ko a karkace iyakar inda hanya ta buɗe, giwa ma ta sami ikon zarcewa a karkace. Wasa ya yi sauri, har ya zamana ana iya kashe sarkin wanda ya yi sakaci a turi huɗu. Daga ranar nan tsarin turi ya zama shi ne komai, domin abin da ya dace a turi na uku yana iya zama halaka a turi na huɗu. Yawan hanyoyin ma abin tsoro ne: kowane ɓangare yana da zaɓi 20 a turinsa na farko, amma kafin kowa ya yi turi uku hanyoyin da wasa zai iya bi sun haura miliyan 119.

Wannan sauyi ya zo daidai da yaɗuwar injin ɗab'i. Lucena ya buga littafinsa a Salamanka a 1497, Damiano ya buga nasa a Rum a 1512, sai wani limamin kirista mai suna Ruy López de Segura ya fitar da nasa a Alkala a 1561. A nan aka fara al'adar raɗa wa buɗi sunan mutum ko na ƙasa, al'adar da ba kullum take yin adalci ba. Buɗin da ake kira da sunan Ruy López ya bayyana a rubuce tun kafin shi, kariyar da ake kira da sunan Damiano kuwa shi da kansa kushe ta ya yi. A littafin Ruy López ne kuma kalmar gambit ta shigo, wato sadaukar da dakare da gangan domin a sami saurin kai hari. Ya aro ta ne daga wata kalmar Italiyanci ta 'yan kokawa, mai nufin sa wa abokin karawa ƙafa ya faɗi.

Matsalar da ta dami waɗannan marubuta ita ce ta rubutu. Kowane turi da cikakkiyar jimla ake bayyana shi, ta yadda wasa guda kan cinye shafuka. Wanda ya yaɗa maganin wannan matsala a Turai mutumin Halab ne ta ƙasar Sham, Philipp Stamma, a littafin da ya buga a Faris a 1737. Ya ba layukan tsaye haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma lambobi daga 1 zuwa 8, kowane gida ya sami suna gajere kamar e4 ko c6. Jamusawa suka rungumi wannan tsari, su kuwa Ingilishi suka ci gaba da nasu na siffantawa har zuwa lokacin da Hukumar Shaɗaranji ta Duniya, FIDE, wadda aka kafa a 1924, ta daina amincewa da shi a gasanninta a 1981.

5.0 Zamanin Jadawali

Gajeren rubutu shi ya ba da damar tsara buɗi a jadawali. Littafin da ya kafa wannan tsari shi ne Handbuch des Schachspiels, wanda aka buga a Balin a 1843. Paul Rudolf von Bilguer ne ya faro shi, ya rasu a 1840, abokinsa von der Lasa ya kammala. A Ingila aka fitar da Modern Chess Openings a 1911. Ƙarshen wannan tafiya shi ne aikin da aka yi a Belgrade ƙarƙashin jagorancin Aleksandar Matanović: mujallar Informator daga 1966, da kundin buɗi mai juzu'i biyar wanda ya fara fitowa a 1974. Kundin ya kasa dukkan buɗi gida 500, daga A00 zuwa E99, ya kuma kawar da jimloli gaba ɗaya. Alamomi suka maye gurbinsu: alamar motsin rai tana nufin turi mai kyau, alamar tambaya turi maras kyau, alamar daidai tana nufin ba wanda ya fi wani, da sauransu.

Ga yadda ƙwararre ke karanta irin wannan littafi. Yakan zaɓi buɗi guda, a ce na Ruy López, wanda ya mamaye C60 zuwa C99. Sai ya shimfiɗa fage a gabansa ya bi babban layi, wato hanyar da manyan 'yan wasa suka fi bi. A duk inda hanya ta rabu, jadawalin yakan buɗe sabon reshe, kowane reshe kuma yana da ƙananan bayanai a ƙasan shafi masu nuni ga wasan da aka taɓa yi, da sunayen waɗanda suka kara da gari da shekara. A ƙarshen reshe sai alamar hukunci. Aikin mai nazari shi ne ya gane dalilin wannan hukunci, ya san shirin da ya kamata ya bi bayan littafi ya yi shiru, ya kuma lura da wuraren da reshe ɗaya ke sulalewa ya koma wani ta hanyar sauya tsarin turi.

Hukuncin littafi kuwa ba dawwamamme ba ne. A Niyok a 1918 Frank Marshall ya fito wa José Raúl Capablanca da wata sadaukarwar dakare a turi na takwas na wannan buɗi. Capablanca ne ya ci wasan, amma daga baya nazari ya tabbatar da ingancin dabarar, har ta zama abin da masu fararen 'ya'ya ke kauce wa. Haka nan a Landan a shekarar 2000 Vladimir Kramnik ya tono wata tsohuwar kariya ta ƙarni na 19 mai sunan birnin Balin, wadda aka daɗe da yi wa kallon mai rauni, ya tare Garry Kasparov da ita. Kasparov bai ci ko wasa ɗaya ba a karawar, ya kuma rasa kambinsa na duniya. Tun bayan da kwamfutar Deep Blue ta doke Kasparov a 1997, na'ura ta ƙara shiga aikin tantance rassa, har ta zama ita ce ke yanke hukunci a kan mafi yawansu.

Mai kallo daga nesa zai iya cewa tun da kundin Belgrade ba shi da harshe, na'ura ma lambobi take bayarwa, to batun harshe ya ƙare ke nan. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Tun a 1943 Reuben Fine ya ga wajabcin rubuta littafi sukutum, The Ideas Behind the Chess Openings, domin bayyana dalilan da jadawali ba ya faɗa. Wanda ya san tsarin makarantun ilimi na zaure zai gane wannan nan take. Jadawali matani ne, matani kuwa ba ya wadatar da ɗalibi sai da sharhi, shi ya sa malami ke karanta Larabci ya fassara da Hausa. Wanda ya haddace turi ashirin bai san dalilinsu ba, ranar da abokin karawa ya kauce a turi na bakwai sai ido ya raina fata.

6.0 Shaɗaranji a Afirka ta Kudu da Sahara

Tsohon wasan na Larabawa bai tsaya a gaɓar Bahar Rum ba. A Habasha an yi shi da sunan senterej, kuma Baturen Ingila Henry Salt ya tarar ana yin sa a fadar Ras Wolde Selassie a farkon ƙarni na 19. Habashawa sun kai ra'ayin ta'abiyya matuƙa, domin suna da matakin farko da suke kira werera, inda kowa ke tura 'ya'yansa da saurin da ya ga dama ba tare da jiran abokin karawa ba, sai an yi cin farko sannan a koma yin bi da bi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Borno. C. K. Meek a 1934 da P. G. Harris a 1939 sun ba da rahoto a mujallar Man a kan wani wasa da Barebari ke kira tsatsarandi, sunan da ke nuna tushensa na Larabci a fili. Tafiyar 'ya'yansa irin ta tsohon wasan ce, abin da ke nuna cewa ba ta hannun Turawa ya zo ba. Hakan ba abin mamaki ba ne idan aka tuna daɗaɗɗiyar hulɗar Kanem da Borno da Fezzan da Tarabulus da Masar, har da masaukin ɗaliban Kanem da aka kafa a Alƙahira a ƙarni na 13. Abin da ya fi jan hankalin manazarcin harshe shi ne sunayen 'ya'yan. Sarki shi ne Mai, firzan ya zama Ciroma, rukh ya zama Kaigama, doki kuwa aka kira shi da sunansa na Barbarci, fər. Wato Barebari sun ɗauki fagen wasan suka zuba masa tsarin fadarsu.

A lokacin da aka rubuta waɗannan rahotanni wasan ya riga ya kama hanyar ɓacewa. Wasa ne na fada, fadar kuwa ta sha girgiza: Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, aka kashe shi a 1900, sannan Shehu ya koma Yerwa a 1907 ƙarƙashin mulkin Ingilishi. Ilimin da ke cikin ƙwaƙwalwar 'yan tsirarun mutane kaɗai ba ya jure irin wannan watsewa. Abin da ya rage mana a yau shi ne sunayen 'ya'ya da ƙa'idojin tafiyarsu a cikin 'yan shafuka na Turanci, dabarun jan dagar gwanayen Kukawa kuwa sun tafi tare da masu su.

7.0 Ƙasar Hausa: Suna ba Wasa

A ƙasar Hausa kalmar ta iso ta wata ƙofa dabam, wato littattafan fiƙihun Malikiyya. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Imam Malik ya ƙi wasan. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta hana yin sa tare da wasan nardi a babukanta na ƙarshe, Mukhtasar na Khalil kuma ya lissafa dawwama a kansa cikin abubuwan da ke zubar da shaidar mutum. Shafi'awa sun fi sassauci, suna ganin karhanci ne muddin babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. Ke nan duk almajirin da ya sauke Risala a Kano ko Katsina ko Zariya ko Sakkwato ya gamu da sunan wasan a babin hukunci, alhali littattafan al-Suli da al-Lajlaj ba sa cikin jerin abin da ake karantawa a zaure.

Sai dai Bahaushe yana da nasa wasan na tunani, wato dara, wadda ake yi a gurabu 30, biyar sau shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa wancan da tsinke. Ita ma mataki biyu gare ta. Da farko ana zuba 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, ba a ci, sai an gama zubi sannan a fara turi, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa. Duk gwanin dara ya san cewa tun a wurin zubi ake cin wasa ko a faɗi. Wannan mataki na zubi ɗan'uwan ta'abiyya ne da werera, don haka tunanin buɗi ba baƙo ba ne ga mai jin Hausa. Wasan ya shiga harshe har ya ba da karin magana irin su dara ta ci gida.

8.0 Sabon Wasa a Nijeriya da Halin Karu

Shaɗaranjin da ake yi a Nijeriya a yau na Turai ne, ya shigo ta makarantun boko da jami'o'i. An kafa hukumar wasan ta ƙasa a 1975 bisa jagorancin Dokta Sylvanus Ebigwei. A 1998 Odion Aikhoje ya sami lambar zinariya a fage na biyu a gasar ƙasashen duniya da aka yi a Elista ta ƙasar Rasha. A watan Oktoba na 2003 wasan yana cikin waɗanda aka fafata a Wasannin Afirka karo na 8 a Abuja. A 2018 Tunde Onakoya ya kafa shirin Chess in Slums Africa a Legas domin koyar da yaran unguwannin talakawa, a Afrilun 2025 kuma shi da Shawn Martinez suka yi sa'a 64 suna wasa a Niyok, abin da ya shiga kundin bajinta na Guinness.

Karu tsohon garin Gbagyi ne da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi. Ƙirƙiro Yankin Birnin Tarayya a 1976 da dawowar gwamnati Abuja a ranar 12 ga Disamba 1991 sun mai da shi, tare da Nyanya da Mararaba ta Jihar Nasarawa, matattarar ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina. Wayar hannu ta kai fagen wasan da jadawalin buɗi ga duk matashin da ke da intanet a irin wannan gari. Abin da ba ta kai masa ba shi ne sharhi cikin harshen da yake tunani da shi. Yaron da Turancinsa bai nuna ba zai iya haddace rassa, amma bayanin dalili zai tsaya masa a wuya, kuma a nan ne tazara ke buɗewa tsakaninsa da ɗan makarantar kuɗi ta cikin birni.

9.0 Darasi ga Aikin Keɓaɓɓun Kalmomi

Aikin samar da kalmomin fannu a Hausa yana da tarihi, tun daga Hukumar Hausa ta 1955 har zuwa Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Tarihin da aka bayar a sama yana nuna cewa mai son yi wa shaɗaranji irin wannan aiki yana da rumbu uku: Larabci, da sarautun gargajiya, da kalmomin dara da kokawa da yaƙi. Misalin Borno ya fi dacewa a bi, musamman da yake J. H. Greenberg ya nuna tun 1960 cewa Hausa ta ari sarautu da dama daga Barbarci. Bisa ga haka ana ba da shawarar waɗannan:

Sarki (S), maimakon shah. Waziri (W), kamar yadda Larabawan yau ke kiran firzan. Giwa (G), fassarar fil. Doki (D), fassarar faras. Madawaki (M), takwaran Kaigama a matsayin jagoran mayaƙa. Dakare, fassarar baidaƙ, wanda asalinsa na Farisanci sojan ƙasa yake nufi. Shi ba ya bukatar harafi.

An guje wa kiran rukh ganuwa domin kada harafinta ya yi karo da na giwa, an kuma guje wa Kaigama domin harafin K sarki yake nufi a littattafan Turanci da 'yan wasanmu suka saba da su. Dokokin FIDE sun yarda ɗan wasa ya yi amfani da haruffan sunayen da ake kiran 'ya'yan da su a ƙasarsa, haruffan a zuwa h kuwa duk suna cikin abacadar Hausa. Ga yadda dabarar Marshall za ta fito: 1. e4 e5 2. Df3 Dc6 3. Gb5 a6 4. Ga4 Df6 5. 0-0 Ge7 6. Me1 b5 7. Gb3 0-0 8. c3 d5.

Ta fuskar dabaru, buɗi da reshe da jan daga da kariya sun wadatar. Gambit kuwa, tun da daga kokawa ta fito, taɗiya ce ta fi kusa da asalinta. Wasan da ba a ci ba canjaras ne ko kunnen doki. Waɗannan shawarwari ne kawai, masu wasa ne za su tabbatar da su ko su musanya su da abin da ya fi daɗin faɗi a bakinsu.

10.0 Kammalawa

An ga yadda littafin buɗi ya bi matakai uku: siffar jeri da bayani a Bagadaza, jerin turi cikin jimloli a Turai bayan sauyin 1475, sannan jadawali da alamomi daga 1843. A kowane mataki, al'ummar da ta karɓi wasan ta ba shi sunaye daga rayuwarta, kuma wadda ta rubuta dabarunta ita ce iliminta ya wanzu. Ana iya jera al-Mujannah a yau kamar yadda al-Lajlaj ya jera ta shekaru dubu da suka wuce, amma jerin gwanayen Kukawa na ƙarni na 19 ya salwanta. Aiki biyu ke jiran sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu: rubuta sharhin buɗin shaɗaranji da Hausa domin masu koyo irin na Karu, da kuma tattara kalmomi da dabarun zubin dara daga bakin dattawan da suka gwanance a kanta tun suna raye.